Me zan sa a madadin kefas?

Maman Iman: Assalamu alaikum, matan zaure barkanmu da yamma. Don Allah a agaza min. Na karɓi odar walima ta ranar Asabar, mutum 40, kuma hajiyar da ta ba da aikin ta kafe sai an yi mata soyayyen kifi da sos ɗin mayonis ɗin nan da ake kira tatar, sai kazar nan ta Italiya mai bota da lemun tsami, fikata. Duka biyun da kefas ake yi. Na zaga kantunan da na saba saye a nan Kano, ko'ina sai a ce ya ƙare, ba a kawo ba. Me zan sa a madadinsa wanda ba zai ba ni kunya ba?

Anti Ladi: Wa alaikumus salam. Koren zaitun. Ki yanka ƙanana.

Uwar Biyu: Ni dai Kefas ɗaya na sani, gwamnan Taraba 😂 Wannan kuma mene ne?

Malama Hadiza: Uwar Biyu, furen wata 'yar bishiya ce mai ƙaya da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, a jikin duwatsu da tsofaffin ganuwa. Tun yana dunƙule ake tsinke shi, kafin ya buɗe, da hannu ɗaya bayan ɗaya, yawanci da sassafe. Shi ya sa yake tsada. Ɗanyensa ɗaci ne zalla, ba ya ciwuwa sai an kwantar da shi a gishiri, ko a ruwan gishiri da khal, wato binega. Ɗan mitsitsi ne, kore mai duhu.

Uwar Biyu: Au, 'yan ƙwayoyin nan ne da ake barbaɗawa a kan kifin otal? To Allah ya ba da sa'a.

Amaryar Gwammaja: Anti ki sa koren wake na gwangwani mana, ai kamarsu ɗaya.

Anti Ladi: Haba amarya, kama da wane ba wane ba ne. Koren wake zaƙi gare shi. Shi wannan gishiri ne da tsami.

'Yar Zariya: Ni na gani a intanet an ce koren masoro na cikin kwalba shi ya fi kusa da shi.

Hajiya Rabi: Innalillahi. 'Yar Zariya kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Maman Iman, ki tsaya ki ji, kada ki kuskura.

Bara kafin azumi na yi aikin wata liyafa a nan Kaduna, baƙin mai gidan daga waje suka zo, kifi da tatar na cikin abin da aka rubuta min. Na rasa kefas kamar yadda kika rasa, sai aka haɗa ni da wata mai sayar da kayan girki a intanet. Hoton da ta turo min kwalba ce garau, da takardarta da komai. Na tura kuɗi har da na mota. Aiki ranar Asabar, kaya bai iso ba sai Juma'a bayan magariba, kuma da aka buɗe ledar ba kwalba ba ce, wata 'yar roba ce mai murfi, babu rubutu ko ɗaya. Na kira ta, ta ce ai babban gwangwani take saye tana rarrabawa, in kwantar da hankalina.

Da safe ina bakin kasko wajen kifi, yarana suna ciki suna haɗa sos kamar yadda na auna musu. Aka kawo min a cokali in ɗanɗana. Wallahi yaji ne ya bugi maƙogwarona har sai da na yi tari. Na ce a miƙo min robar. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na murje ta tsakanin yatsu. Kun san shi kefas na gaskiya in kika murje shi warwarewa yake, ɓawo a kan ɓawo, sirara, can ciki ki ga 'yan zare-zaren furen a naɗe. Wannan kuwa fatar ce ta saluɓe, sai ga ƙwallo a ciki. Koren masoro ne ta ɗura min a ruwan gishiri ta karɓi kuɗin kefas.

Mayonis ɗin gaba ɗaya ya tashi aiki, don sun riga sun daddaka shi a ciki, babu yadda za a tsince. Ga rana tana yi, ga kifi yana jira. Na tura yaro da gudu ya sayo wani mayonis da koren zaitun da kokwamba mai tsami ta kwalba, muka sake haɗi daga farko. Ribar aikin nan a wurin ta tafi. Da na yi wa matar magana, budar bakinta sai cewa ta yi ai duk ɗaya ne, Turawa ma musanya su suke yi. Na ce to ki mayar min da bambancin kuɗin. Daga nan ta toshe ni, har yau.

Ba na cewa koren masoro ba shi da amfani. A sos ɗin nama mai kirim yana da daɗi ƙwarai, nan ne gidansa. Amma a tatar, a kan kifi, kashe ɗanɗanon komai yake yi. Masu rubuta cewa shi ne madadi ido suka bi, ba harshe ba.

Kuma abin da ya ba ni mamaki, tatar ɗin da muka yi da zaitun da kokwamba ba wanda ya ce uffan, sai ma ƙari da aka nema.

Uwar Biyu: Allah ya isa dai. Ki faɗi sunanta mu san ta.

Hajiya Rabi: A'a, na bar ta da Allah. Ku dai kada ku sayi abin da aka juye daga mazubinsa.

'Yar Zariya: Tuba nake Hajiya, na janye masorona.

Maman Iman: Subhanallahi, sannu Hajiya. To don Allah ki ba ni awon yadda kika haɗa.

Hajiya Rabi: Ga shi, a kan kowane kofi 1 na mayonis: kokwamba mai tsami yankakkiya ƙanana babban cokali 2, koren zaitun yankakke babban cokali 1, ruwan lemun tsami babban cokali 1, mustad rabin cokalin shayi, gogaggiyar albasa kaɗan, sai fasli in kin samu. Ki matse kokwambar a tsumma mai tsabta kafin ki zuba, in ba haka ba sos ɗin zai tsinke ya yi ruwa. Kada ki sa gishiri sai kin ɗanɗana. Ki sa a firij ya kwana, ko aƙalla awa 1. Mutum 40 kofi 5 ya ishe ki. Kuma ki duba kwalbar kokwambar, akwai mai sukari, ba ita ba.

Anti Ladi: Tatar ai mai sauƙi ne, yana ɓoye komai. Fikatar ce aiki, don a can kefas ɗin a fili yake, ana ganinsa ana taunarsa.

Hajiya Rabi: Gaskiyarki. A nan sai dai rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Koren zaitun na ruwan gishiri za ta nema, ba wanda aka cusa wa jan tattasai ba, kuma ba baƙin nan na gwangwani ba, shi lami ne, babu tsami ko kaɗan. Ta yanka ƙanana, ta jiƙa a ruwan lemun tsami da ɗan ruwan kwalbar kamar minti 30, ta zuba a ƙarshe bayan botar ta narke. In ta samu babban lemun tsami rawaya ya fi, ta kankare bayansa ta zuba. Namu ƙananan in suka daɗe a wuta ɗaci suke yi, sai an sauke tukunya a matsa.

Amaryar Gwammaja: Ina rubutawa ✍️

Ummu Sudais: Salamu alaikum, yanzu na shigo. Mu nan Saudiyya ba ya wahala, kusan kowane babban kanti akwai, za ku ga an rubuta kabar a jiki. Itacen ma yana fitowa da kansa a wasu wurare, shafallah suke ce masa. Duk mai 'yar uwa da za ta dawo daga Umara ta sa a riƙo mata. A dai sa a babbar jaka a naɗe da kaya, ba a barin kwalba mai ruwa ta shiga jakar hannu.

Maman Iman: Ummu Sudais aikin jibi ne fa, Umara ta yi min nisa 😅

Ummu Sudais: Don gaba na faɗa. Kin duba shagunan Kwara, wato mutanen Labanon? Su ba sa rabuwa da zaitun da irin waɗannan.

Maman Iman: Na je biyu, zaitun kam kala-kala, shi ne dai babu.

Maman Khalifa: Ni tambayata daban ce. Fikatar nan na ga ana zuba farar giya a ciki. Yaya kuke yi?

Hajiya Rabi: Romon kaza da ƙarin lemun tsami. Ba wanda zai gane.

Maman Khalifa: To shi kefas ɗin kansa fa? Na taɓa ɗaga wata kwalba na ga an rubuta khal ɗin giya aka jiƙa shi da shi. Ajiyewa na yi na yi gaba.

Ummu Sudais: Khal ai halal ne 'yar uwa. Hadisi ya tabbata a Muslim, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yabi khal ya ce madalla da shi a mahaɗi.

Maman Khalifa: Na sani. Amma a cikin Muslim ɗin ne kuma aka tambaye shi ko a mayar da giya khal ya ce a'a. Wanda ya juye da kansa daban, wanda aka juya da gangan daban.

Malama Hadiza: Ta fuskar kimiyya dai, khal ɗin da ake samu ta hanyar tsimi, na tuffa ne, na dabino ne, na rake ne, sai sukarin ya fara zama barasa sannan ƙwayoyin halitta su mayar da ita tsami. Hanyar ke nan.

Maman Khalifa: Malama kimiyya daban, hukunci daban.

Malama Hadiza: Ban ce na ba da fatawa ba.

Ummu Sudais: Malamai sun yi saɓani a kan wanda aka juya da hannu, Hanafawa sun halatta, wasu sun hana. Ba a kanmu aka fara ba.

Admin: Don Allah a tsaya nan. Zauren girki ne, kowa ta tambayi malaminta. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ga wanda aka kwantar a busasshen gishiri, babu khal a cikinsa sam.

Anti Ladi: Kuma shi ya fi ƙamshi ma. Na tsibirin Fantelleriya da ke tsakanin Sisili da Tunisiya, wanda Italiyawa suke ji da shi, a gishiri kawai ake ajiye shi. Wata ɗiyata ta taɓa kawo min. Sai dai a jiƙa shi a ruwa a sauya sau biyu kafin a yi amfani da shi, in ba haka ba abincin ba zai ciwu ba.

Malama Hadiza: Yawancin na kwalba da ake gani a kasuwa kuwa daga Maroko da Turkiyya yake fitowa, ko da a Turai aka ɗura shi. Kuma girma-girma ne. Mafi ƙanƙanta bai wuce milimita 7 ba, shi ya fi tsada. In kun ga 'yan fararen ɗigo a jikinsa kada ku zubar, ba fumfuna ba ce, wani sinadari ne na furen, rutin, yake fitowa. Abin gudu shi ne murfin da ya kumbura.

Inna Asabe: Ni fa kuna ba ni mamaki 'ya'yan nan. Tun ɗazu ana ta wahala a kan furen ƙaya na ƙasar wasu. Ga daddawa, ga tsamiya, ga yakuwa. A soya kifi a yi masa yajin ƙuli da albasa da tumatir, wa zai ture? Walimar Bahaushe ce ko ta Bature?

Maman Iman: Inna wallahi ni ma da za a bi tawa da dambun shinkafa zan yi. Mai kuɗin ce ta zaɓa, ɗanta ne ya gama karatu a Saifurus ya dawo, wai can ya saba ci.

Inna Asabe: Ya je karatu ya dawo da kwaɗayi.

'Yar Zariya: Inna, tumatir ɗin da barkonon da gyaɗar ƙulin duk daga nahiyar Amurka aka kawo su fa. Wata rana su ma baƙi ne.

Inna Asabe: Ke tafi can, Bazazzagiya. Su ai sun yarda sun zauna a gonarmu. Naku sai a kwalba.

Uwar Biyu: Inna ta gama magana 😂😂

Ummu Sudais: Mutanen Saifurus kam har ganyen da 'yan rassan suke tsimawa a khal su ci, da ƙayar da komai. Yaron bai yi ƙarya ba.

Gwaggo Mairo: Maganar Inna akwai ƙamshin gaskiya. Yanzu lokacin ɗanyen mangwaro ne. Ki samu wanda ƙwallonsa bai yi ƙarfi ba, ki fere, ki yanka mitsi-mitsi. Ki tafasa ruwa kofi 1 da farin khal kofi 1 da gishiri babban cokali 1, ki juye a kai a cikin kwalbar gilashi da kika wanke da tafasasshen ruwa. In ya huce ki sa a firij. In kika yi yau, ranar Asabar ya yi. Tsami da gishiri da ɗan ƙaras-ƙaras a baki duk za ki samu. Ni da shi nake salak ɗin tuna, da taliyar tumatir da zaitun. A tatar ma ya zauna.

Hajiya Rabi: A tatar na yarda. A fikata ƙamshin mangwaron zai fito.

Gwaggo Mairo: In ɗanye ne shar ba ya fitowa. Wanda ya fara nuna ne yake tona asiri.

Hajiya Rabi: To ta gwada a cinya ɗaya tukuna, kada ta yi gwaji da kazar mutane.

Malama Hadiza: Abin da ya sa kowane madadi yake zuwa da saura shi ne abu uku ne a cikin kefas: gishiri, tsami, da wani ɗan kaifi mai hawa hanci irin na mustad. Biyun farko daga ruwan jiƙon suke, kowane abu kika jiƙa zai ba ki. Na ukun daga itacen yake, kuma zaitun da mangwaro ba su da shi. Shi ya sa rabin cokalin mustad ɗin Hajiya Rabi ba ado ba ne. Masu wannan kaifin dangi ne na nesa: kabeji, mustad, zogale, gwanda. Ku tauna ƙwallon gwanda ɗaya za ku ji abin da nake nufi.

Amaryar Gwammaja: To a jiƙa 'ya'yan gwanda ke nan?

Sista Maryam: Amarya ke dai ki bar 'ya'yan gwanda. Mai ciki da mai neman ciki ba ma so su riƙa cin su.

Uwar Biyu: Sista ta hango mana suna 😂

Amaryar Gwammaja: Kai Anti 🙈

Sista Maryam: Kuma tunda na shigo, a kula da gishirin nan. Kefas na kwalba giram 100 yana ɗauke da sodiyam sama da miligiram 2000, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci a yini, wato gishiri ƙasa da giram 5. Na san ba wanda zai cinye giram 100, amma ku tara: zaitun, kokwambar kwalba, mayonis, sannan a zo a marmasa dunƙule a kan kifi. A walima akwai dattawa masu hawan jini. A ɗauraye zaitun ɗin, a rage dunƙule.

Mama Talatu Jos: Sannunku da hira. Ni ina da ainihin abin da ake nema a bayan ɗakina. Wata fulawa ce, nastashiyam, mai ganye zagayayye da fure ruwan lemo da rawaya, tana yaɗo a ƙasa. Asalinta daga Kudancin Amurka ne amma sanyin Jos ya karɓe ta. In furen ya zube tana yin 'ya'ya uku-uku a manne, masu tsaga-tsaga a jiki. Tun suna kore ake tsinka, in suka bushe sun zama iri. Sai a raba su, a jiƙa a ruwan gishiri, giram 50 a lita 1, kwana 2 zuwa 3 ana sauya ruwan. Zai yi wani wari kamar ƙwai ya lalace, kada ki tsorata, haka yake, yana fita. Sannan a tsane a zuba a kwalba, a juye tafasasshen khal. Bayan sati 2 zuwa 3 ya yi. Turawa kefas ɗin talaka suke ce masa. Ya fi na gaskiya ƙarfi a haƙori da ɗan yaji, amma kaifin nan da Malama ta faɗa yana nan. Ganyen da furen ma muna sa su a salak.

Malama Hadiza: Yawwa! Wannan shi ya fi kowanne kusa. Sinadarin kaifinsa iri ɗaya ne da na ƙwallon gwanda.

Maman Iman: Mama kina da wanda ya riga ya yi?

Mama Talatu Jos: Kash, kwalbar ƙarshe na ba maƙwabciyata da Kirsimeti. Ɗanye ne a jiki yanzu.

Hajjo Damagaram: Ina gaisuwa mutanen Najeriya. Ina ta karatu ina dariya. Itacen nan na kefas da Malama ta bayyana, ni sai ya tuna min da namu na daji. Ba dangin hanza ba ne?

Malama Hadiza: Hajjo idonki ya gani. Gida ɗaya suke a ilimin tsirrai, da hanza da jiga da haujari.

Hajjo Damagaram: To kun gani. Mu mun san halin gidan nan, ɗaci ne gadonsu. Hanza, wasu su ce dilo, in aka ɓare 'ya'yan sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwa ana sake wani kafin ɗacin ya fita, sannan a dafa kamar wake. Da can abincin shekarar yunwa ne, iyayenmu ba su son a tuna musu. Yanzu kuwa nan Damagaram har gari ake yi da shi, ana biskit, ana sa shi a leda ana kai wa kanti. Jiga kuma ganyen muke dafawa mu zubar da ruwan mu yi kwaɗo.

Uwar Biyu: Damagarawa da cin ɗaci, shi ya sa ba kwa ƙiba.

Hajjo Damagaram: Ke Bakanuwa, ku da kuka iya sayar da komai, ga shi 'yar ƙwaya ta gagare ku a duk faɗin Sabon Gari.

Uwar Biyu: Ki bari mu ji kuɗin da ke ciki, wata mai zuwa za ki gan shi a baro.

'Yar Zariya: To tunda haujari ɗan uwansa ne, kuma akwai shi a dajinmu, me zai hana a tsinko furensa a jiƙa? Mu yi namu na gida.

Malama Hadiza: A'a! Don Allah kada kowa ta gwada. Zama dangi ba ya sa abu ya zama abinci. Haujari yana da guba, an san yana kashe dabbobi. Ba abin da za a yi gwaji da shi a kicin ba ne, balle a ba mutane.

Hajjo Damagaram: Masu raƙuma ba su barin dabbarsu ta matsa kusa da shi. Hanzar ma da muke ci, wadda ba ta jiƙu da kyau ba tana sa ciwo. Abin daji sai da wanda ya san shi.

'Yar Zariya: Yau dai duk abin da na kawo sai a kore shi.

Anti Ladi: Ki kawo zaitun, za a karɓa.

Hajiya Zango Kumasi: Mu nan Gana akwai wani ɗan gauta ƙanana kore, a dunƙule yake fitowa, kantose, Asantawa su ce abeduru. A ido sak manyan kefas. Amma ɗaci gare shi, a miyar kwakwa da ta kontomire, wato ganyen gwaza, muke sa shi, ana ba masu jego. Ban taɓa jiƙa shi a khal ba, amma yanzu kun sa min ra'ayi.

Hajiya Rabi: Ido ɗin nan dai shi ya cuce ni. Ki gwada ki ba mu labari.

Zee Collections: Salam 'yan uwa, akwai atamfa da leshi sababbin shigowa, da mayafai, ana turawa ko'ina, a yi min magana ta gefe 🙏

Admin: Zee, ranar Lahadi ce ranar talla. Na goge hotunan. Wannan ne karo na biyu.

Maman Iman: To jama'a kaina ya ɗan ɗaure. Zaitun zan yi ko mangwaro?

Anti Ladi: Zaitun. Kuma ki kira hajiyar yau ki gaya mata, kada ɗan Saifurus ya ɗaga murfi ya fara tambaya.

Gwaggo Mairo: Ki jiƙa mangwaron dai ko kofi ɗaya ne, ba asara.

Maman Khalifa: Mama Talatu, ni irin fulawar nake so. Za ta yi a Kano?

Mama Talatu Jos: Ba yanzu ba, zafi zai ƙone ta. Ki bari sai sanyi ya shigo, wajen Nuwamba, ki shuka a tukunya inda rana ba ta dukanta da azahar. Kada ki cika mata taki, in ƙasa ta yi ƙarfi ganye kawai take yi ba fure. Ki jiƙa irin ya kwana kafin ki binne.

Amaryar Gwammaja: Ni ma ina so Mama.

Uwar Biyu: Da ni.

Gwaggo Mairo: A sa da ni, amma kaji fa? Nawa ba sa barin ko lansir.

Mama Talatu Jos: Kaji kam sai kin kewaye. Ku bari ya bushe a jiki tukuna, nan da sati 3 zan tara. Sai ku zaɓi mutum ɗaya in aiko mata ta raba, ba zan iya bin kowa da direba ba.

Uwar Biyu: A aiko min, ni ce kusa da tashar Unguwa Uku.

Hajjo Damagaram: Kada ku ba Bakanuwar nan, sayar muku za ta yi ƙwaya-ƙwaya.

Inna Asabe: Hajjo ke dai in za ki shigo biki ki taho min da jiga busasshiya, rabona da kwaɗonta tun ina Maraɗi.

Hajjo Damagaram: An gama Inna. Tiya nawa?

Inna Asabe: Ɗaya ta isa, ni kaɗai ke ci a gidan nan.